Wa Zai Taka Feda a Gidan Malam Nikanor

Mosko, farkon Janairu 1912

Zuwa ga Yaya Glafira Lukinishna, a Olshanka.

Ina gaishe ki da kyau, da fatan ke da gida da shanu duk kuna lafiya, kuma sanyin bana bai fasa miki taga ba kamar na bara. Ni dai ga ni nan. Gwiwata ta hagu ta kama aikin duba, tana sanar da ni za a yi dusar ƙanƙara tun sama ba ta yanke shawara ba. Zumar da kika aiko ta iso. Likita ya ce in rage zaƙi, don haka sai ya tafi nake sha.

Za ki ce Porfiri ba ya tuna zumunci sai yana da bukata. Gaskiyarki. Kakata da kakarki 'yan ɗaki ɗaya ne, kuma yau zan ja wannan igiyar iya ƙarfina.

Malam Nikanor Fomich, wanda ya riƙe ƙanenki Gordei tun yana yaro, ya koya masa fiyano da sanda da baƙin burodi, ya haura tamanin. Kunnensa ya tafi, ƙafa tana shirin bi. 'Yarsa za ta ɗauke shi zuwa Odesa da zarar an shiga Babban Azumi, a rufe gidan, kuma duk mun san ba zai sake ganin Mosko ba. Da na je gaishe shi, sai ya riƙe mini maɓallin kwat ya ce, "Porfiri, abu ɗaya nake so. Yarana biyu su zauna a fiyano ɗaya, su kaɗa mini kiɗan rawar nan da na rubuta wa marigayiya matata. Ranar Lahadin yafiya, kafin a fitar da kaya." Na ce, "Malam, ai yaranka uku ne." Ya ce, "Me?" Na maimaita da ƙarfi. Ya ce, "Kai za ka juya takarda." To, dama haka aka saba. Mu uku muka kwana ɗaki ɗaya a saman gidansa. Biyu suka zama masu tsara kiɗan da jaridu ke faɗa a kansu, na ukun yana koya wa 'ya'yan 'yan kasuwa Latin.

Kin san Gordei da Arseni Kuzmich, ɗayan yaron Malam, ba sa ga maciji. Amma tunda ba ki taɓa kusantar fiyano ba sai don share ƙura, bari in gaya miki tushen abin. In mutum biyu za su kaɗa fiyano ɗaya, na dama shi ke da waƙar, wato abin da mutane za su tafi gida suna rerawa. Na hagu shi ke da gindin kiɗa, bum-ca-ca, bum-ca-ca, kamar dokin niƙa. Sai dai na hagu ake ba feda, ƙarfen nan na ƙasa. In ya taka, sauti ya daɗe yana yawo a ɗaki. In ya ɗaga ƙafa, ya mutu nan take. Malam ya zaunar da Gordei a hagu saboda hannunsa kamar shebur, Arseni a dama saboda nasa kamar na 'yar tsana, kuma a haka suka girma. Ki duba ikon Allah. Gordei da aka hana waƙa yana yaro, yanzu ba abin da yake rubutawa sai waƙa, doguwa, mai sa matan manyan soja laluben hankici. Arseni kuwa da ya ƙoshi da ita tun bai yi gemu ba, yanzu in ya hango waƙa tafe sai ya tsallaka titi.

Duk da haka suna abotarsu, har ranar da Gordei ya ce zai karrama abokinsa, ya kaɗa wani kiɗan Arseni a babban zaure. Ya kaɗa shi tsaf, dalla-dalla, har mutane suka gane shi. Wata tsohuwa ma ta fita tana rerawa. Arseni ya same shi a bayan labule ya ce, "Na ba ka gajimare, ka dafa mini miyar kabeji." Gordei ya ce, "Ai dai an ƙoshi." Tun daga ranar ko gaisuwa.

Na ji Gordei yana wurinki yana rubutu da ɓata rai. Ki shawo mini kansa, ni zan ji da Arseni. Tsohon nan bai taɓa roƙon kowa komai ba.

Ƙanenki na nesa,
Porfiri Ilich

*

Olshanka, tsakiyar Janairu

Porfiri,

Muna lafiya, sai dai tari da ya kama Fadan cocinmu, kuma tunda kullum a teburina yake shan shayi, mu ma muna jiran rabonmu. Gwiwarka ka shafa mata kitsen dinya ka daina lissafa mini ciwonka kamar wata tsohuwa.

Na karanta wa Gordei saƙonka. Ya ajiye shayinsa, ya ce, "Malam ya rame?" Na ce ina zan sani, Porfiri bai faɗa ba, gwiwarsa ta cinye takardar. Sai ya tashi ya je taga ya tsaya, ya tare mana haske gaba ɗaya.

Ni ban san komai a kiɗa ba, kai ma ka faɗa. Abin da na sani, in Gordei yana kaɗawa, masu tatsar nono sukan tsaya a ƙofa suna share hawaye, madara tana jira. Arseni kuwa, shekarar da ya zo mana hutu ya kaɗa nasa, karen gidan ya shiga ƙarƙashin gado bai fito ba sai da yunwa ta kore shi. Amma na kuma san wani abu. Duk takardar kiɗan da Arseni ya buga, Gordei yana aikawa a sayo masa. Yakan kulle ƙofa ya kaɗa ta a hankali, yana tsaki, ya sake kaɗawa. Yana tsammani ban sani ba, sai ka ce gidan katako yana riƙe sirri.

Da safe ya same ni a rumbu ya ce, "Yaya, ki ce wa Porfiri zan zo. Don Malam, ba don wancan mai shawagi a sama ba. Zan zauna inda na saba zama, in kaɗa, in gaida tsoho, in kamo jirgin dare." Na ce, "Ranar neman gafara ce fa." Ya ce, "To ya nema mana, ai ban hana shi ba."

Na yi nawa. Saura kai. Kuma ka aiko mini da allurar keken ɗinki, ta nan duk ta lanƙwashe.

Yayarka,
Glafira

*

Mosko, ƙarshen Janairu

Yaya Glafira,

Gaisuwa da godiya. Allah ya ba Fada lafiya, ya kuma ba shi teburin kansa. Kitsen dinya na shafa. Gwiwa tana nan yadda take, amma karnukan unguwarmu sun fara girmama ni.

Na je wurin Arseni. Na tarar da shi cikin rigar siliki, ya rufe labule da rana tsaka, ya jera fitilu masu gilashi ja da shuɗi da kore a kan fiyano. Wai sabon kiɗansa ba da kunne kaɗai ake jinsa ba. Ya zaunar da ni, ya danna wasu maɓallai da a iya sanina ba su taɓa gaisawa ba, ya ce, "Me ka gani?" Na ce, "Na ga hayaƙi, fitilarka ta kama labule." Bayan mun kashe wutar, na faɗa masa abin da ya kawo ni.

Da ya ji Malam zai bar Mosko, sai ya zauna a ƙasa, a kan kafet, kamar yadda yake yi muna yara in an doke shi. Ya ce, "Wa zai riƙa ce mini jaki?" Ban taɓa ganinsa haka ba, har na soma jin kunyar dariyar da na zo da ita. Amma da na ambaci Gordei, sai ya miƙe ya gyara gashin baki.

"Zai zo?"

"Zai zo."

"Shi ya ce, ko yayarsa ce ta ce?"

"Arseni, a gidan nan akwai bambanci ne?"

Ya ce, "To ni ma zan zo. Amma a hagu zan zauna."

Na ce, "Kai da bum-ca-ca? Kai da ka rubuta a jarida cewa bum-ca-ca kiɗan masu yankan katako ne?"

Ya ce, "Ba bum-ca-ca nake so ba, malamin Latin. Feda nake so. Ka san abin da ake nufi mutum ya yi ƙuruciyarsa kaf yana fitar da sauti, ƙafar wani ce ke yanke masa ranar mutuwa? Ina kaiwa inda kiɗa zai buɗe fiffike, sai wannan ƙaton ya ɗaga takalminsa, ɗif. Sau ɗaya dai a rayuwata, ni zan taka."

Na ce to ai Gordei ma mai tsara kiɗa ne, ya san inda ake takawa. Nan fa ya hau. Ya ce, "Gordei? Kiɗan Gordei samoba ce, tukunyar shayin nan, da aka manta a kan garwashi. Tana kuka, tana tururi, kowa na jin ɗuminta, kuma in ka dawo bayan shekara ashirin tana nan inda ka bar ta." Na so in tsawata masa, amma dariya ta riga ni. Ki yarda, Yaya, maganar ta zauna. Har tsayuwar Gordei irin ta samoba ce, ciki gaba, hannu a ƙugu.

Kada ki ga laifinsa da yawa. Da zan fita na hango takardun kiɗan Gordei a ƙarƙashin matashin kujera, gefensu duk ya yi baƙi don juyawa. Na yi kamar ban gani ba, shi ma ya yi kamar bai ga na gani ba.

Yanzu ga dabara. Ki lallaɓa Gordei ki ce masa an ba shi kujerar dama don girmamawa, tunda duk Rasha ta san shi ne sarkin waƙa. Kada ki ambaci feda. In ya iso ya ga tsoho, ba zai iya juyawa ba. Allura tana cikin ambulan, ki yi hankali da yatsa.

Naki,
Porfiri

Af, na manta. Wannan wasiƙar taki ce ke kaɗai. Kada ki karanta ta a gaban Gordei.

*

Mosko, farkon Fabrairu

Yaya Glafira,

Ina fatan kuna lafiya. An ce ƙanƙara ta rufe hanyar jirgi ta wajenku, shi ya sa ban ji daga gare ki ba. Ban damu ba, shirunki na ɗauke shi alamar komai ya tafi daidai, don ke in abu ya ɓaci ba kya jiran hanya ta buɗe.

Saboda haka na je na shaida wa Malam cewa yaransa biyu za su zo. Sai da na rubuta masa a allo kafin ya yarda. Yaya, da kin ga tsohon nan! Ya sa an kira mai gyaran fiyano, ya tsaya a kansa yana yi masa faɗa a kan sautin da shi kansa ba ya ji. Ya sa an fito da baƙar kwat ɗinsa daga akwatin da aka riga aka ɗaure. Ya ce wa 'yarsa a soya wainar blini da yawa, "don Gordei yana cin na mutum uku, Arseni kuma yana ɓoye nasa a aljihu." 'Yar ta ja ni gefe ta ce rabon da ya ci abinci da marmari tun kaka, sai wannan makon.

Na yi alfahari da kaina ƙwarai. Da an ba ni harkar ƙasashen Turai, da tuni kowa ya mayar da takobinsa kube.

Porfiri

*

Olshanka, farkon Fabrairu

Porfiri, kai ɗan nema!

Lafiya muke, in wannan ce lafiya. Wane irin mai ilimi ne ke sa gargaɗi a gindin takarda? A wace makarantar aka koya maka haka? Kai da ka sha zuwa gidan nan, ka san yadda muke yi. In wasiƙa ta zo daga Mosko, a teburin shayi ake buɗe ta, in sa tabarau, in karanta daga sama har ƙasa kowa ya ji, don nan ba mu da gidan wasa. Fada yana nan, matar likitan dabbobi tana nan, Gordei yana gefena da cokali a hannu.

Na karanta gobarar labule, aka yi dariya, har shi. Na karanta zancen feda, ya ajiye cokali. Na zo kan samoba. Porfiri, ni ba na karatu ina leƙen gaba, abin da ido ya taka shi baki ke faɗa. Na karanta har ciki gaba, hannu a ƙugu. Kuma kamar da gayya, tamu samobar tana tsakiyar tebur, ta zaɓi lokacin ta fara kuka. Fada ya yi ƙoƙarin mayar da dariyarsa tari, ta ƙi. Ban tsaya ba, don na ɗauka gaba za ka gyara. Sai na karanta dabararka kaf, yadda za a lallaɓa shi kamar maraƙi. Daga nan na juya takarda na karanta wa jama'a da babbar murya cewa kada in karanta a gaban Gordei.

Ya tashi, ya ce, "Na gode da shayi, Yaya," ya fita waje ba hula. Da ya dawo ya ce in gaya maka abu uku. Ba zai zo ba. Fedar nan tasa ce tun yana ɗan yaro, ita kaɗai aka taɓa ba shi a gidan Malam, kuma ba don ƙafarsa ba da kiɗan Arseni ya zama kunu tun a wancan lokacin. Na ukun ba zan rubuta ba, Fada ma sai da ya toshe kunne.

Abin da ka gani a ƙarƙashin matashin kujera kuwa, na sake karanta masa shi kaɗai. Ya ce ai mutum yakan sa takarda a ƙarƙashin kujera in ƙafarta ta gaza.

Yanzu shayi ma a ɗakinsa yake sha, ya ce a fitar da samoba daga gabansa.

Glafira

*

Mosko, tsakiyar Fabrairu

Yaya,

Wasiƙarki ta iso yau, bayan ta yi mako biyu tana hutawa a cikin ƙanƙara. Ba zan ba ki labarin gwiwa ba, yau ba ta da bakin magana.

Na karanta littattafan mutanen da suka rusa birane da harshensu, ban taɓa zaton zan shiga sahunsu ta hanyar tukunyar shayi ba. Lahadin ta kusa. Tsoho yana sa a zaunar da shi a taga tun yanzu, wai yana gwada inda zai hango su in sun shawo kwana. Ni ba zan iya zuwa in rubuta masa a allo cewa ba za a yi ba. Hannuna ba zai yi ba.

Ki yi duk abin da kika ga dama. Ki ce ni na ƙirƙiri maganar, ki ce giya na sha. Ki turo shi ko a ɗaure.

Porfiri

*

Olshanka, Alhamis ta makon blini

Porfiri,

Muna lafiya, jar saniya ta haihu, mace.

Ban ce ka sha giya ba, don ya san ko ita ba ka iya ba. Na bar shi kwana biyu, sannan na shiga ɗakinsa da ƙullin wanki, na ce, "To, an huta. Porfiri ya rubuto, an sami mafita. Arseni zai zauna a hagu ya taka fedarsa yadda yake so, Porfiri kuma zai zauna a dama ya kaɗa waƙar."

Ya juyo a hankali ya ce, "Wa?"

Na ce, "Porfiri."

Ya ce, "Porfirin da Malam ya ce yatsunsa kamar an aro su daga maƙwabta? Shi zai kaɗa waƙar marigayiya? Wancan kuma ya danne feda tun daga farko har ƙarshe, ya mayar da ita tafki?"

Na ce, "To ina ruwanka? Malam ai ba ya ji."

Ya ce, "Ni ina ji! Daga nan zan ji!"

Kafin in gama ninke zanen gado ya sa an ɗaura wa doki sirdi. Ya ce ba sulhu zai je ba, gadi zai je. Na cusa masa hula da tulun zuma na Malam. Zai dawo da jirgin daren Lahadi, ya ce in aika a ɗauko shi a tasha ran Talata.

Ni ba zan iya zuwa ba, shanu biyu suna kan gwiwa. Ka rubuto mini komai, kuma in da gargaɗi ka sa shi a sama. Tunda Lahadi ba za mu haɗu ba, ka yafe mini abin da na yi maka, har da aron sunanka.

Glafira

*

Mosko, Litinin ta farkon Azumi

Yaya Glafira,

Gargaɗi: babu. Ki tara su duka, har matar likitan dabbobi.

Allah ya yafe mana, ni ma na yafe, ke ma ki yafe mini. Lafiyata ƙalau, in ban da ƙaurina na dama, kuma za ki ji dalili.

Na isa gidan Malam da hantsi. Falo duk akwatuna da ciyawar ɗaure kaya, ba abin da ya rage a wurinsa sai fiyano da bencinsa. A kan bencin, can ƙarshen hagu, ga Arseni zaune da kwat da safar hannu. 'Yar Malam ta ce tun ana buga ƙararrawar coci ya zo ya kama wuri. An kai masa blini ya ƙi tashi, sai a cinya ya ci.

Can sai ga Gordei ya cika ƙofa. Suka dubi juna. Kin san yadda ake yi a ranar, ɗaya ya sunkuya ya ce a yafe masa, ɗayan ya amsa. To, su biyun suka buɗe baki lokaci ɗaya, kowa ya ce, "Na yafe maka."

Arseni ya ce, "Wa ya roƙe ka?"

Gordei ya ce, "Kai wa ya roƙe ka? Matsa."

"Ban ga sunanka a benci ba."

"Duba ƙarƙashi, da wuƙa na rubuta shi, har aka yi mini bulala."

"To zauna a ƙarƙashin."

Ana haka aka shigo da Malam, cikin baƙar kwat da ta yi masa yawa, yana dogara sanda. Nan take ƙattin nan biyu suka nutsu. Ya dube su sama da ƙasa, ya ce wa Gordei, "Ka yi ƙiba." Ya ce wa Arseni, "Wannan gashin bakin na haya ne?" Sannan ya zauna kusa da fiyano, ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin, don ta nan yake ji yanzu, ya ce, "To, me ake jira?"

Gordei ba shi da zaɓi, ya zauna a dama. Bencin da ya ɗauki yara biyu har da sarari, yanzu rabin Gordei a iska yake. Na tsaya a bayansu da takarda, aka fara.

Daga ƙugu zuwa sama, Yaya, ba ki taɓa ganin mutanen kirki irinsu ba. Daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa yaƙi ake. Arseni ya danne feda ya ƙi ɗagawa. Gordei ya miƙo doguwar ƙafarsa ta dama ta bayan ta hagu, ya zura bakin takalmi a ƙarƙashin fedar yana ɗaga ta da mai ita. Arseni ya taka masa yatsa. Gordei ya kai shuri, ya sami ƙaurina. Kiɗan marigayiya kuwa sai ya nutse, ya taso, ya sake nutsewa.

Sai sandar Malam ta sauka, ƙwal a ƙafar wannan, ƙwal a ta wancan. Ya ce, "Jakuna! Kun ɗauka don ba na ji, ba na gani? Ku janye kofatanku, ku duka. Porfiri, jawo ni."

Na jawo kujerarsa har bayan bencin. Ya zura sandarsa ta tsakaninsu, ya ɗora bakinta a kan feda, ya riƙe da hannu biyu. Ya ce, "Ni zan taka. Daga farko."

Ba zan ɓoye miki ba, bai iya ba. Da ido yake bin yatsunsu, don haka kullum a makare yake. Ya danna inda ya kamata ya saki, ya saki bayan an wuce. Na ga wuyan Gordei ya yi ja, na ce shi ke nan, yanzu wani zai yi magana. Ba wanda ya yi. Sai na ji bum-ca-can Arseni ya rage gudu, yana jiran sandar. Gordei ya ja waƙar ya riƙe ta, har tsoho ya samu ya danna. Inda sandar ta makara, Arseni ya riƙe maɓallan da yatsunsa don kada sautin ya mutu. Inda ta daɗe, Gordei ya sassauta hannu don kada ya cakuɗe. Ba su dubi juna ba ko sau ɗaya, amma kowa kunnensa na kan ɗan'uwansa, suna tallabe da tsohon kamar masu tsallakar da shi titi. A tsakiya Gordei ya yi tuntuɓe, don bai taɓa kaɗa wannan ɓangaren ba a rayuwarsa, sai na ji Arseni yana rera masa waƙar a hankali ta gefen baki. Arseni fa, Yaya. Waƙa.

Ni kuwa na manta ban juya takarda ba, kuma ba wanda ya lura.

Da aka gama, Malam ya zare sandarsa, ya daɗe yana kallon murfin fiyano. Sannan ya ce, "Arseni yana gaggawa, Gordei yana jan ƙafa. Ba abin da ya canja. Feda ce kawai ta yi kyau." Gordei ya ce da ƙarfi, "Ƙwarai, Malam." Arseni ya ce, "Ba a taɓa taka ta haka ba." Tsoho ya ce a kawo blini, ya ci huɗu, ya yi barci a kujera da man shanu a gemu.

A bakin ƙofa, muna sa takalman ƙanƙara, Arseni ya sunkuya, wai igiyar takalmi yake nema, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Ka yafe mini, Gordei." Gordei ya ce, "Allah ya yafe. Ni ma ka yafe mini. Amma ka sani har gobe ban gane kiɗanka ba." Arseni ya ce, "Don kana kaɗa shi kamar mai tuƙa tuwo ne. Shafi na biyu na sabon, me ka yi da hannun hagu?" Gordei ya ce, "Abin da ka rubuta ba ya kaɗuwa." Arseni ya ce, "A hannun manomi ba."

Haka suka fita titi suna yi, ko sallama ba su yi mini ba. Na biyo su da jakar Gordei ina ɗingishi, ina kira, jirgi fa, jirgi. Suka wuce masu keken doki, suka wuce kwanar tasha, Arseni yana zana sauti a iska da safar hannu, Gordei yana girgiza kai kamar bijimi. Jakar tana nan ɗakina. Da safen nan na leƙa gidan Arseni, tun daga matakala nake jin fiyano da ihu, mai gadin gidan ya ce tun jiya ake abu ɗaya, kuma maƙwabta sun kai ƙara.

Ran Laraba za su raka Malam tasha, sun riga sun fara gardamar wanda zai riƙe shi ta hagu. Kada ki aika doki ran Talata.

Ƙanenki,
Porfiri Ilich